Ja a Ƙasa, Kore a Sama

Wata biyar Direba ya yi a gida yana jinyar ƙirji, kuma duk wanda ya san mutumin ya san ba ciwon ne zai fara kayar da shi ba, zaman ne. Shekara ashirin da bakwai yana jan jirgin ƙasa na fasinja, sai ga shi a kujerar falo yana lissafin lokacin shan magani, yana neman wanda zai yi wa faɗa. Matarsa mai ɗinki ce, kekenta na lungun falon, don haka ita ce ta fi kusa. Da abin ya ishe ta sai ta kira babban ɗansu da ke aiki a wani gari mai nisa, ta ce ya nemo wa ubansa abin yi, in ba haka ba ɗayansu zai bar wa ɗaya gidan. Bayan sati biyu wani kwali ya iso. A ciki akwai ɗan kan jirgi da bai wuce tsawon tafin hannu ba, da taragu huɗu, da guntayen layin dogo da ake harhaɗawa, da ɗan akwati mai abin murɗawa wanda ke sa jirgin ya tafi ko ya tsaya.

Direba ya leƙa kwalin ya taɓe baki, wai shi za a aiko wa kayan wasan yara. Kafin yamma yana durƙushe a tsakar falo yana haɗa layi, magani ma sai da aka tuna masa.

Daga nan abu ya ci gaba da girma. Ɗakin da 'yarsu ta bari bayan ta koma nata gidan ya zama na jirgi. Kafinta ya buga tebur wanda ya cinye rabin ɗakin. Aka yi dutse da tsofaffin jaridu da gam, aka huda masa kogo jirgi na shiga yana fita. Aka yi tasha mai rumfa, da gada, da gidaje ashirin da uku na kwalin magani, da bishiyoyi na soson wanke-wanke. Tsari duk na Direba ne, kuma ba ya son a ce masa ga yadda ya fi. Amma yatsunsa kauri gare su, yatsun da suka saba da birkin jirgi, in ya kama 'yar waya sai ta bi ta ɓace masa. Nan matar ta shigo. Hannun da ke zura zare a allura ba tare da ta duba ba, kwana biyu ya ɗauka ya koyi riƙe ƙarfen narka dalma. Liƙinta ƙanana ne, sumul, masu sheƙi, nasa kuwa kamar kaza ta bi ta wurin. Tun daga lokacin ya raɗa mata Injiniya, sunan kuma ya bi ta har wurin masu kawo ɗinki.

Sa wuta shi ne aikin ƙarshe, shi ne kuma mai daɗin. Ƙwayayen fitilar ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, kuma dukkansu farare ne tas, ba ka sanin launin kowanne sai ka taɓa ƙafafunsa da batir ya kama. Ita ke shiga ƙarƙashin tebur da matashi a ƙeyarta tana jan waya, shi yana sama yana ba da umarni. In sun gama layi ɗaya sai su ja labule da rana tsaka su kunna, su tsaya suna kallon tagogin kwali suna haske. A gaskiya ta daɗe ba ta ji daɗin zama da mijinta irin na watannin nan ba, kuma ta san da haka tun a lokacin.

Sigina ce kawai ya ce ba hannun da zai taɓa ta sai nasa. 'Yar sanda ce siririya a bakin kogon, mai ƙwai biyu. Ya sha gaya mata cewa a layinsu ja a ƙasa yake, kore a sama, ba kamar fitilar titin mota ba, kuma direban da ya wuce ja ko da taku ɗaya ne ya gama aiki. Makunninta ya kafa shi a ɗaya gefen tebur, bayan dutsen, yadda mai tuƙi ba zai ga hannun mai ba da hanya ba. Rabin yini ya yi a kanta, ya ƙone yatsa sau biyu, bai nemi taimako ba.

Ranar Talata ce. Likita ya riga ya sallame shi, Litinin mai zuwa zai koma aiki, jirgin safe. Ya ja labule ya ce mata ta je bayan dutse ta zama mai sigina. Ya murɗa akwatin, jirgi ya tashi daga tasha, ya haye gada, ya doshi kogo. Ta danna makunni. Sai ta ji ƙarar jirgin ta ragu, ta ragu, ta ɗauke.

"Malam, ai na ba ka hanya."

"Kin ba ni hanya da ja?"

Ta leƙo ta gefen dutsen. Ƙwan ƙasa ne ke ci, kore shar.

"Wannan ai kore ne."

Sai ya fashe da dariya.

"Gwada ki nake yi in ga ko kina lura. Wajen liƙawa ne na juya su, kaina ya tafi kan fitilar titi. Gyara mini, Injiniya, hannunki ya fi nawa."

Ita ma ta yi dariyar, ta jona ƙarfen dalma ta shiga ƙarƙashin tebur. Amma uzuri biyu ya ba ta a numfashi ɗaya, kuma ba su zauna wuri ɗaya ba. In gwada ta yake yi, ba kuskure ba ne. In kuskure ne, ba gwaji ba ne. Tana cikin juya wannan a ranta ta kai hannu kan wayoyin siginar, sai ta ga abin da ba ta lura da shi ba a baya. Waya ɗaya ja ce, ɗaya kore, kowa ya gani ya san haka. Amma an naɗa wa kowacce ɗan salatif, an rubuta J a jikin ɗaya, K a jikin ɗayar, da rubutunsa. Ta haska tocila gaba, ta ga ba su kaɗai ba ne. Duk wayar da ya taɓa a 'yan makonnin nan tana da harafinta. Ta gyara ƙwayayen, ja a ƙasa, kore a sama, ta fito tana kakkaɓe zane.

To, a nan sai a faɗi gaskiya game da Injiniya, mace ce mai zargi. Ita ce ta taɓa tsare mai wanki a bakin ƙofa a kan wani zanen gado, aka yi ta sai da maƙwabta suka fito, daga baya aka sami zanen a ƙarƙashin katifarta. Ita ce ta yi wata guda ba ta gaisa da matar bene na sama a kan almakashi, almakashin kuwa yana cikin aljihun kekenta. Direba ba ya barin waɗannan labarai su tsufa, ko baƙi aka yi sai ya tayar da su. Saboda haka ko ita ba ta gama yarda da kanta ba. Ta ce wa ranta, ke dai kin fara halin naki.

Duk da haka ta sa ido. Ranar Laraba tana kan keke ta ce, "Malam, don Allah miƙo mini jan zaren nan." Ya tashi ba musu, ya ɗauko akwatin zaren gaba ɗaya ya dire mata a cinya, ya ce ta zaɓa da kanta, shi bai san wane ja take nufi ba a cikin jajayenta goma. Magana ce mai ma'ana. Ranar Alhamis suka je asibiti karɓo takardar komawa aiki. A mararrabar da ke gaban asibitin, mutumin da a da shi ke fara sa ƙafa a titi yana yi wa masu jinkiri tsaki, sai ga shi ya tsaya yana gyara maɓallin hannun riga har sai da wata mata mai jaka ta fara tsallakawa, sannan ya bi bayanta. Amma da suka dawo gida, allurarta ta faɗi a kan darduma ta neme ta ta rasa, shi ya hango ta daga kujerarsa ya nuna mata da ƙafa. Mai matsalar ido ne zai ga allura a kan darduma? Ranar ta kusa ba shi haƙuri a kan laifin da bai san ta yi ba.

Abin da ya hana ta sakewa wata magana ce da shi da kansa ya taɓa gaya mata shekarun baya. Ya ce in ana ruwa, ko gari bai gama wayewa ba, direba ba ya ganin sandar sigina daga nesa, balle ya san ƙwan sama ne ke ci ko na ƙasa. Ɗigon haske ɗaya kawai yake gani a gabansa, launinsa ne ke ce masa taho ko tsaya, kuma kafin ya matso ya ga sandar, lokacin taka birki ya wuce. Jirgin safe tarago takwas yake ja. Ta sha shigarsa, ta san yadda yake cika, ma'aikata a tsaye, mata da goyo, 'yan kasuwa da buhuna. Gwajin ido na wurin aikinsu kuwa sai nan da wata bakwai, domin ya yi na bana daf da zai kwanta.

Ranar Juma'a da safe suna shan shayi ta yi ta maza.

"Malam, idonka lafiya kuwa?"

Ya ajiye kofin a hankali. "Me ya sami idona?"

"Ba komai. Na ga kana rubuta wa wayoyi suna ne."

"Haka ake aiki. Je ki tasha ki duba, kowace waya da lambarta. Ko yanzu kin fi ni sanin aikin jirgi?"

"Ni ban ce ba. Da dai ka bari likita ya duba kafin Litinin, ai ba a rasa komai ba."

"Likita ya ce ƙirji, an gama da ƙirji. Ke kin ce ido. Gobe kunne, jibi ki ce kaina ya taɓu. Mai wanki ya huta, yanzu ni aka juyo wa ke nan?"

Ya tashi ya bar shayin. Ta bi bayansa da kallo, tausayi da haushi suka haɗe mata. Ta san abin da aikin nan yake a wurinsa. Shekara ashirin da bakwai ba a taɓa rubuta sunansa a takardar laifi ba, saura uku ya ajiye da mutuncinsa. Wata biyar ɗin nan kullum sai ya goge takalmin aiki, alhali ba inda za shi. In ta je ta kai ƙararsa a kan zargi aka duba aka ga lafiya lau yake, ta san ba zai ƙara kallonta da ido ɗaya ba. In ta yi shiru kuma zarginta ya zama gaskiya, wannan ko tunaninsa ba ta iya kaiwa ƙarshe.

Ranar Asabar da hantsi ya fita aski, daga can zai biya ya karɓo kayan aikinsa a wurin guga. Tana jin saukarsa daga bene ta shiga ɗakin jirgi ta jona ƙarfen dalma. Dabarar mai sauƙi ce. Za ta mayar da kore ƙasa, ja sama, ta yi shiru. In ya kunna ya ce wa ya taɓa mini sigina, shi ke nan, idonsa garau, ta sha faɗa ta kwana da daɗi. In kuwa ya tsaya wa kore ya wuce ja, ta sami amsarta. Minti goma ba ta yi ba ta gama. Ta danna makunni, ja ya kama a sama. Ta koma wurin da yake tsayawa in yana tuƙi, ta ɗora hannu a kan akwatin murɗawa, wanda gefensa har ya fara dushewa saboda babban yatsansa.

Ta ga kanta gobe tsaye bayan dutsen kwali tana leƙen mijinta, tana jira ya faɗa ramin da ta haƙa masa a cikin ɗakin da suka gina tare. Mutumin da in ta fito daga ƙarƙashin tebur yake miƙo mata hannu ya tashe ta. Kunya ta kama ta sosai. Ta ce a'a, in magana ce a yi ta baki da baki, ko da za a kwana ana yi. Ta sake durƙusawa ta narke dalmar, ta mayar da kowane ƙwai inda yake, ja a ƙasa, kore a sama. Ta gwada sau uku ta tabbatar. Ta buɗe taga don ƙaurin ya fita, ta naɗe wayar ƙarfen yadda ta same ta.

Sai dai ƙaurin dalma ba ya fita da wuri, kuma Direba hanci gare shi. Ya shigo da kayansa a leda a kafaɗa, ya tsaya a tsakiyar falo.

"An yi aiki ne?"

"Wani gida ne ya ɗauke wuta, na liƙe shi."

Ƙaryar ta fito tun kafin ta yi shawara da ita. Ya ce to. Ya rataye kayan, ya shiga ɗakin jirgi ya turo ƙofa. Tana zaune a kan keke ba ta taka ba, ta ji ƙarar gwiwoyinsa lokacin da ya durƙusa, ta ji ƙyas ɗin tocila. Ya daɗe a ciki. Da ya fito fuskarsa wasai, har da tambayarta ko tana son ya sayo mata wani abu a waje. Wannan ladabin ya fi faɗa tayar mata da hankali. Sau biyu a yinin ta buɗe baki za ta gaya masa abin da ta yi da abin da ta warware, sau biyun yana katse ta da wata hira, ta mai aski, ta wani tsohon abokin aiki da ya haɗu da shi. Ta ce bari ta bari ya huce, gobe Lahadi suna da yini guda.

Ba su sami yinin ba. Ƙarfe goma na safe aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Gajere. Tare suka fara aiki da Direba suna samari, yanzu shi ke raba wa direbobi jirage, shi ke cewa wane ya hau, wane ya sauka. Mutum ne mai tumbi da dariya, wanda ba ya shiga gida a ji shiru.

"Matarmu, kin ga ƙoƙari! Kin karɓi mutum kamar tsinke kin dawo mana da shi da wuya. Ina jirgin da aka dame mu da labarinsa? Tun jiya ya kira ni wai lalle sai na zo na gani kafin ya koma."

Tun jiya. Ta dubi mijinta, shi kuma ya sami abin dubawa a jikin labule.

Suka shiga ɗakin, Direba ya ja labule ya kunna wuta. Gidaje ashirin da uku suka kama, da fitilun rumfar tasha, da na kan gada. Gajere ya riƙe baki.

"Kai! Wannan ai ya fi tasharmu haske. Wa ya yi wannan aiki?"

"Injiniya ce. Ba abin da hannunta ba ya taɓawa a teburin nan," in ji Direba, yana murmushi yana kallonta. "Zo ka riƙe mini sigina, ga makunni can bayan dutse. Ka ba ni duk wadda ka ga dama, kada ka gaya mini."

"Malam, zo ka ji wata magana," ta ce.

"Bari baƙo ya tafi."

Gajere ya zagaya, ya yi ɗage saboda dutsen ya kusa kai masa haɓa, ya sami inda yake ganin sandar da kyau. Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa, kusa da soket ɗin da duk teburin ke shan wuta daga gare shi. Jirgi ya tashi, ya haye gada. Gajere ya danna. Ƙwan sama ya kama, kore. Ta saki numfashi, domin ko da launi ko da wuri, wannan hanya ce.

Sai ta ga babban yatsan Direba yana mayar da abin murɗawa baya. Jirgin ya rage gudu, ya lallaɓa, ya tsaya cak a gaban kore. Direba bai dubi abokinsa ba, ita ya duba, da irin kallon wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

A lokacin ta gane komai. Ya ga sabon liƙinta a ƙafafun ƙwayayen, ya san hannunta ne, ya ƙudurta cewa ta juya su. Bai ga launin ba, ita ya karanta. Ya kira Gajere ne don ya ci gwajinta a gaban shaida, ya rufe mata baki har abada. Kuma ba shi da yadda zai san ta mayar.

"Direba, fasinja na jira fa," in ji Gajere yana dariya. "Ko shayi ka tsaya sha? To bari in ba ka dalilin tsayawa."

Hannunsa ya koma kan makunni. Filogin yana daf da ƙafarta. Taɓawa ɗaya da yatsan ƙafa, ɗakin ya yi duhu, ta ce wuta ce ta yi gardama, a fita falo a sha shayi, Gajere ya tafi da dariyarsa. Har ta ɗaga ƙafar. Sai ta tuna jirgin safe da yadda yake cika, ta mayar da ita ƙasa. Ba ta taɓa jin ta tsani kanta kamar a wannan lokacin ba.

Ƙwan ƙasa ya kama, ja wur. Direba ya murɗa akwatin da ƙarfinsa, jirgin ya zabura ya wuce sandar ya shige kogo.

"Kai, kai, kai! Ka wuce ja a gaban mai raba aiki!" Gajere har da dukan cinya. "Yau sai takarda!"

"Ba ja ba ne," in ji Direba, har yanzu da murmushinsa. "An juya ƙwayayen ne. Tambayi Injiniya, ita ta juya su jiya. Na ƙasan nan yanzu shi ne kore."

Dariyar Gajere ta tsaya a rabi. Ya dubi sandar, ya dubi abokinsa, ya sake duban sandar. Ya sauke dugadugansa ƙasa.

"Juyawa ko ba juyawa, ai ga shi yana ci a gabanka. Wane launi kake gani?"

Ɗan jirgin ya fito ta ɗaya bakin kogon yana ci gaba da zagayensa. Murmushin ya bar fuskar Direba a hankali. Ya juyo gare ta.

"Ba ki juya ba?"

"Na juya, Malam. Sai na ji kunya na mayar."

Ya daɗe yana kallonta. Ta so ya yi faɗa, ya kira ta mai zargi, ya tayar da maganar mai wanki, ko me. Bai yi ba. Kafaɗunsa ne suka sauka, sai ta ga tsufan da wata biyar na ciwo bai fito masa da shi ba.

"Tun yaushe?" Gajere ya tambaya, muryarsa ta koma ta wurin aiki.

"Wata biyu. Ko da ɗan ɗoriya."

"Yaya kake ganinsu?"

"Dukkansu ɗaya. Kamar ruwan shayin da bai ji ganye ba." Ya shafa sabon askinsa. "Na ce zai washe. Kullum in na tashi sai in ce yau ya washe. Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna, na san inda kowace sanda take."

"Ka san inda take. Ba ka san abin da za ta ce maka ba." Gajere ya zagayo ya tsaya kusa da shi, bai taɓa shi ba. "Gobe ba za ka hau ba. Ka sani."

"Na sani."

"Asibiti za mu, ni zan zo in ɗauke ka. Ba wanda zai ji daga bakina sai wanda ya zama dole. Wataƙila abin da ake gyarawa ne, ba mu sani ba tukuna."

Injiniya tana jingine da ƙofa, hawaye na zuba ba ta share ba. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, kuma ta ji haushin kanta da ya sauka, domin ta ga a kan wa ya koma. Ta so ta ce masa ya yafe mata, amma ba ta san wanne za ta roƙa ba, juyawar ko mayarwar ko ƙafar da ta janye.

Jirgin ya wuce tasha ba tsayawa, ya haye gada, ya sake doso kogon. Ba wanda ya taɓa makunni. Direba yana gani ƙwan ƙasa ne ke ci, ya kuma san yanzu ba a juya komai ba. Duk da haka ya tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya waiwayo ba.

"Injiniya, wacce ce ke ci?"

"Ja ce, Malam."

Ya mayar da abin murɗawa a hankali, yadda ya saba tsayar da tarago takwas ba tare da mai tsaye ya yi tangaɗi ba. Ɗan jirgin ya lallaɓa ya tsaya daf da sandar, bai wuce ta ko da kaurin farce ba. Sannan ya ɗauke hannunsa daga kan akwatin.